Shekarar da Muka Naɗe Gula da Auduga

An buɗe wani shagon cajin waya daura da ƙofar gidana. Tun hantsi mai shagon zai tayar da janareta, ya fito da lasifika biyu kowace ta kai tsayin ɗan maraƙi, ya saki waƙa har ƙasar bangon zaurena ta riƙa zubowa. Ba wanda ya taɓa ce masa kanzil, ni ma ban ce ba. Mutanen gida sun ɗauka ƙarar ce take sa ni ɗaure fuska, har suna raɗa wai tsoho ba ya son kiɗa. Ni da na tashi da ganga a kafaɗa! Ba ƙarar ce take ƙona mini rai ba. Abin da yake ƙona ni shi ne, a ƙasar nan da yau kowa yake cika wa kowa kunne ba mai tambaya, an taɓa sa ni na yi kwana shida ina neman itacen da zai rage wa gangar mahaifina murya, kamar wanda ya yi sata.

A zamanin da nake magana, ƙauyenmu yana da sauti, amma ba shi da hayaniya. Da asuba kiran salla ne da bakin mutum, sai luguden mata a turmi, sai kukan injin matse rake da doki yake juyawa a fadama, ga ƙanshin mazarƙwaila yana biyo iska. Kana kwance za ka san gidan da aka makara da daka. In damina ta kankama kuwa, sautin da ya fi kowane shi ne gangar noma, kuma a gidanmu take. Mahaifina ne Sarkin Kiɗan garin. Ranar gayya, wato ranar da matasa za su taru su nome gonar mutum ɗaya, in ya saɓa gangar nan ya sauke mata gula, masu tafiya kasuwar Makarfi daga wajen Dandamisa sukan ce sun jiyo ta tun suna hanya. Ba a aika wa kowa. Gangar ce take faɗin gonar da za a je, ita take jera mutane a kunya, ita take ɗaga garma ta sauke ta a tare. Yau an ce ci gaba ya zo, a fesa magani ciyawa ta mutu, kowa da gonarsa kowa da wayarsa a kunne, maƙwabcinka zai kwanta ciwo gonarsa ta koma daji ba ka ko leƙa ba.

Gula ita ce sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ake dukan ganga da ita. Baba bai yarda da kowane itace ba sai aduwa. Ɗanye yake sarowa, ya gasa shi a bakin wuta, ya lanƙwasa a hankali, ya ɗaure da igiya, ya rataye a rumfa sai ya yi wata guda. Sannan ya zauna da 'yar wuƙa yana gyara kan, yana shafa man shanu. Yakan ce da ni, “Fata tana da abin faɗa, amma gula ce take buɗe mata baki. In ka ba ta ragon itace, ragon zance za ta yi.” A shekarar da abin ya faru na haura ashirin, na yi aure, kafaɗar Baba kuma ta soma gajiya, saboda haka ni nake ɗaukar babbar ganga, shi yana biye da ni yana yi wa manoma kirari.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. An sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, mu ma mun yi kiɗan murna har hannuna ya kumbura. Sai siyasa ta shigo ta raba gari biyu. Akwai wani ƙato a garinmu da muke kira barden noma, don ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya ba, shi kuwa ya bi ɓangaren da manya ba sa so. Ni ban san komai a siyasa ba. Abin da na sani, kowane gwanin noma yana da takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi, kuma wanda ya ci kunya, wato ya riga kowa kai ƙarshenta, shi ake yi wa. A wata gayya barde ya ci kunya sau uku, na buga takensa sau uku. Shi ke nan laifina. Wani ya kwashi magana ya kai wa wakilin da aka turo yankinmu, wai gangar gidanmu ta zama ƙararrawar 'yan hamayya, da ita ake kiran taronsu.

Mai gari ya aiko muka je. Mutumin kirki ne, tare suka yi ƙuruciya da Baba, kuma ranar ya kasa haɗa ido da shi. Bayan an gama gaisuwa ya ce, “Sarkin Kiɗa, magana ta zo daga sama. Da farko cewa aka yi a karɓe gangar. Na yi ta roƙo, aka sassauta. Za ku iya kiɗan gona, amma kada a jiyo shi a bakin hanyar mota. Za a sa dogari ya tsaya a gindin tsamiyar mararraba. In ya ji, ganga ta tafi, kai kuma a tafi da kai.”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, daga gonakinmu zuwa tsamiyar nan ai ko tari mutum ya yi za a ji.”

“Na sani.”

“Motarsu mai lasifika da take zuwa ran kasuwa tana ihu har awaki suna tsinke igiya, ita ma an ce ta rage?”

Mai gari ya dubi ƙasa ya ce, “Sarkin Kiɗa, ka taimake ni. Iyakar abin da na iya ke nan.”

A hanyar gida Baba ya rantse ba zai yi kiɗan munafukai ba, gara a jingine gangar. Da a jingine ɗin aka yi, da ban sami labarin ba ku ba. Amma akwai maƙwabcinmu da kurkunu ya kwantar tun farkon damina, ƙafafu biyu duk sun kumbura, ga 'ya'ya ƙanana, ga ciyawa ta shaƙe masa dawa har ba ka bambance shuka da haki. An riga an sa ranar gayyarsa, saura kwana shida. An taɓa gwada gayya ba ganga a wani ƙauye wajen Likoro, kafin azahar rabin mutane sun sulale, don garma ba ta daɗin ɗagawa a shiru. In gonar nan ta wuce mako biyu ba a taɓa ta ba, gidan nan ba su da tuwo a shekarar. Na ce da Baba ya bar ni in gwada. Ya ce, “Gwada. Amma ni hannuna ba zai taɓa abin da za ka ƙera ba.”

Na soma da abin da ya fi sauƙi, na rage ƙarfin hannu. Bai yi ba. Aduwa ko a hankali ka ajiye ta sai ta yi magana, kuma ba mai iya kiɗan noma yana tauye hannunsa, kiɗan zai mutu. Dole hannu ya sauka da ƙarfinsa, gular ce za ta shanye ƙarfin. Sai na shiga daji. Matata ta zama ma'aunina: takan ɗauki tulu ta tafi rijiyar da take kusa da tsamiyar mararraba, ni kuma in tsaya a gonar mara lafiya in buga, in ta dawo ta faɗa mini abin da ta ji. Na saro tumfafiya saboda rashin nauyinta, bugu goma ta karye. Na gwada karan dawa mai kauri, ya yi wata ƙara kamar ana kakkaɓe tabarma, ya tarwatse. Na gwada reshen rimi, ya yi laushi amma ya ƙi lanƙwasuwa, miƙaƙƙen itace kuwa gefen fata yake duka, ba ya samun cibiyarta. Na soka totuwar masara a kan tsohuwar gula, sauti ya ragu, amma totuwar ta riƙa marmashewa tana cika mini ido. Kullum matata ta dawo sai ta sauke tulu ta ce, “An ji.” Ran na uku ta ce, “Yau kamar ana daka a wani gari, amma mai neman ya ji zai ji.”

Ran na huɗu na tafi Ikara wurin wani mai gyaran keke da na sani, mutumin kudancin lardi ne, Kirista, shi yake buga musu ganga a coci. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya ajiye famfo ya yi ta kallona. Ya ce, “Ɗan Sarkin Kiɗa, mu muna rage ganga ne don a ji muryar masu waƙa. Ku don wa za ku rage?” Na ce don dogari. Ya girgiza kai, ya yanko mini tsohon tiyub na keke, ya nuna mini yadda ake naɗa shi a kan itace, ya ce kada in ja shi ƙwarai, in na ja zai yi tauri ya koma kamar itacen. Ya ƙi karɓar komai. Roba ta kashe kaifin bugun, amma tana manne wa fata tana tsalle, take ba ya fita sosai. Na dawo gida rai a ɓace na zauna a tsakar gida da tarkacen itatuwa a gabana.

Inna, mahaifiyata, tana gefe tana kaɗi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Kai, miƙo nan.” Ta karɓi gular da na naɗa wa roba, ta murza kan da yatsa. Ta ce aduwa ta yi nauyi, in nemo saiwar geza, ita tana lanƙwasuwa kuma ba ta da taurin kai. Na samo a bakin rafi, na gasa, na lanƙwasa. Ta sa na naɗa roba sau biyu kawai. Ta ɗebo audugar da ta shiɓe don zare, ta dunƙula a kai kamar ƙwan kaza, ta lulluɓe da gyauron jemammiyar fatar ɗan akuya, gefen laushin a waje, ta ɗinke da zarenta. Da na buga, sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Gangar tana faɗin komai daidai, kowane take yana fita, amma can cikin cikinta, kamar mutum yana magana da bargo a baki. A ƙirji kake jin ta fiye da kunne. Matata ta tafi rijiya ta dawo, ta sauke tulu ta ce, “Ka buga kuwa?” Baba yana zaure yana jin mu. Bai fito ba. Da na kai masa ya gani, ya kalle ta ya ce, “An sa wa doki takunkumi, ana murna ya yi kyau.” Ya juya fuska.

Ranar gayya, da yake ganga ba za ta kira kowa ba, da ƙafa muka bi gida gida. Mutum arba'in da wani abu suka fito. Dogari ya wuce mu da sandarsa ya tafi gindin tsamiya. Da na soma kiɗa sai na ga na ƙarshen layi suna waige, ba sa ji. Sai na bar tsayuwa a bakin gona yadda aka saba, na shiga cikin kunya ina tafiya a tsakiyarsu, su kuma suka matso kafaɗa da kafaɗa. Ba mai ihu, ba mai zolaya, don duk wanda ya yi magana ya rasa kiɗan. Ba ka jin komai sai numfashi, da saukar garma arba'in a lokaci ɗaya, da gangar nan tana gurnani a ƙasa. Baba, duk da rantsuwarsa, yana biye, kirarin da ya saba ƙwalawa har a ji a fadama yau a kunnen mutum yake faɗa masa. Barde ya ci kunya. Na tsaya, na dubi Baba. Ya ce, “Ya ci ko bai ci ba?” Na ce ya ci. Ya ce, “To ba shi abinsa.” Na matsa dab da shi na buga takensa. Ƙaton nan ya tsaya da garma a sama, hawaye yana bin fuskarsa, sannan ya sunkuya ya kama wata kunyar. Kafin la'asar an gama gonar tas. An ɗauko mai gonar a kan jaki ya gani, ya yi ta sa albarka har muryarsa ta dushe. Dogari ma ya zo ya sha fura da mu, ya ce shi dai barci ya yi ta yi a gindin tsamiya.

Na kwanta ranar ina ganin mun yi dabara, mun bi doka kuma mun ceci gona. Kwana biyu sai ga sammaci, a zo da ganga da abin da aka buga ta da shi.

Wakilin yana zaune a kan kujera a ƙofar ofishinsa, matashi ne, bai fi ni da shekara goma ba, da agogo a hannu da alƙalami a aljihu. Muka tsuguna a rana, Baba da furfurarsa. Ya sa aka kira dogari ya tambaye shi abin da ya ji. Dogari ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ban ji komai ba. Ko sauro ya fi su ƙara.” Na ji sanyi a raina. Sai wakili ya ɗauki gular Inna da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama yana juyawa don mutane su gani.

Ya ce, “Kun ji da kunnenku. Mutum arba'in sun taru a daji, an yi kiɗa yini guda, an buga taken ɗan hamayya, amma an naɗe sanda da tsumma don kada hukuma ta ji. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai sa ya yi wannan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ku kuka ce kada a ji!”

Dogari ya taka mini ƙafa. Wakili bai ko dube ni ba. Mai gari, da ya rako mu, ya soma magana, wakili ya ɗaga masa hannu. Baba ya ce, a natse, “Ranka ya daɗe, mun buga da ƙarfi an ce laifi ne. Mun buga a hankali an ce laifi ne. Faɗa mini yadda ake bugawa, in koya. Na tsufa, amma zan koya.”

Amsar da ya bayar ita ce ya miƙa wa wani yaronsa wuƙa. A gabanmu aka farke fatar gangar, fuska biyu, aka tsinke tsarkiyarta, igiyar da take ɗaure fatar. Gangar da kakana ya sassaƙa. Gular kuma ya jefa ta cikin aljihun tebur, wai shaida ce. Ya ce darajar furfura ce ta sa ba za a ɗaure Baba ba, mu tashi mu ba shi wuri. Har yau in na tuna yadda na ce “Mun gode” da bakina, don haka aka koya mana a faɗa a gaban manya, sai in ji abinci ya fita raina.

Na miƙa hannu zan ɗauki gangar in naɗe ta a buhu, Baba ya ture hannuna. Ya rataya ta a kafaɗar nan tasa mai ciwo, ya zaro tsohuwar gularsa ta aduwa daga cikin riga. Ashe ya zo da ita. Ran kasuwa ne. Maimakon mu bi bayan gari, sai ya ratsa tsakiyar kasuwa yana dukan yagaggiyar fata, faf, faf, faf, yana tafiya irin ta makaɗi a gaban manoma. Masu awo suka tsaya da mudu a hannu. Mahauta suka ajiye wuƙa. Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffi suna ganin hannunsa sun san taken da yake bugawa, nasa ne, na gidanmu. Haka muka fita ta ɗaya ƙofar kasuwar, ni ina binsa a baya ina kuka kamar ba magidanci ba.

Washegari barde ya kawo fatar akuya, wasu ma suka kawo, har daga Kudan wani ya aiko. Baba ya yi godiya ya ce a ajiye, ba za a ɗaure gangar ba sai ranar da za a buga ta da itace tsirara. Bai ga ranar ba. Damina biyu ya ƙara, ba ciwon kirki, sai dai ya daina fita, ya daina kirari, ya zauna a zaure yana gyara gulolin da ba mai bugawa. Bayan rasuwarsa mulki ya juya, waɗanda suka hana kiɗa aka neme su aka rasa a kujerunsu, na ɗaure gangar na ci gaba. Amma gayya ba ta koma yadda take ba. Shekarun da aka yi ba ganga mutane sun koyi yin noma kowa shi kaɗai, kuma abin da aka koya a tsorace ba ya saurin fita.

Shi kuwa wakilin bai taɓe ba. Irinsu ba sa taɓewa. Ya koma cinikin auduga da taki, ya je Makka, ya gina masallaci, aka riƙa tashi in ya shigo taro. Bayan shekara ashirin da wani abu zai aurar da ɗansa, sai ga mota har ƙofar gidan nan. Wani mai babbar riga ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ce Alhaji yana son kiɗan gargajiya na asali, an ce masa duk yankin ba kamar gidanmu, a zo da babbar ganga a buga yadda za a ji ko'ina. Na tambaye shi ko Alhaji ya san ɗan wane ne ni. Ya ce bai ambata ba. Ashe ma ya manta. Wannan ya fi wuƙar ciwo.

Mutanen gida suna ta yi mini ido in karɓa. Na sa aka kawo wa baƙon ruwa ya sha. Sannan na ce ya koma ya gaya wa Alhaji akwai wata gula ta mahaifiyata a aljihun teburinsa, ya aiko mini da ita tukuna, sai mu yi maganar kiɗa. Mutumin ya tafi yana ta maimaita saƙon don kada ya ɓace masa. Ban sani ba ko ya isar, ko Alhaji ya gane. Motar dai ba ta dawo ba, ni kuma ban je ba. Malamai sun sha gaya mini in yafe, shi ma yanzu yana ƙasa. Na ce musu ina ƙoƙari. Gaskiyar magana, ban kai can ba tukuna.